Ta-Kusa

A gidan matasa na Filinge Haske ta fara ganinsa, yana kan tsani yana shafa wa wani ƙaton ƙyalle fenti, labulen dandalin 'yan wasan kwaikwayo. Ta matso har hancinta ya kusa taɓawa, ba ta ga komai ba sai dabbare-dabbare.

"Malam, mi ne ne wanga?"

"Ja da baya, 'yanmata. Aikin dandali don na nesa aka yin shi."

Ta ja, tana hararar sa. Sai ga gonaki da rumbuna sun fito ras, har gero kamar yana kaɗawa. Tun ranar Hafizu yake kiranta Ta-kusa, ita kuwa zuciya ta riga ta tafi.

Daga baya ya bar dandali ya koma zane zalla, amma hannunsa bai sake salo ba. Masu shirya nunin zane a ƙasar Wales suka ga aikinsa a intanet, suka gayyace shi ya baje tare da masu zanen can. Shi kuwa ya nace sai an ɗaura aurensa da Haske kafin ya tafi.

Ya zano gonar mahaifinta, Malam Magagi, yadda Haske ta sha kwatanta masa, ya kawo gaisuwa. Tsohon ya kai zanen daf da ido, ya juya, ya tsuke baki.

"Wagga ɓarnar fenti Turawa ka kira? Ɗiyata ba ta auren wanda ko bango bai iya shafewa."

Kamal mai shagon babura, wanda ya daɗe yana zarya, ya samu abin dariya har kasuwa.

Haushi ya ishi Haske. Maganin abin kalma uku ne, amma wace ɗiya ce za ta dubi ubanta ta ce masa ja da baya? Hafizu ma da ya iya faɗa mata ranar farko, gaban tsoho sai ya zama kurma. Ta rubuta masa:

"Bakinka a kaina kaɗai yake aiki ko? Tafi Wales ɗinka, su Turawa su aure ka."

"Haba Ta-kusa, hasken idona. In babu ke, wa zan zana wa? Wallahi na fasa tafiyar."

Wannan ya ƙara ƙona mata rai. Ga aure ya tsaya, ga tafiya za ta lalace a banza.

Da safe ta ɗauko zanen daga bayan rumbu inda aka jingine shi, ta rataye a bangon ƙarshen tsakar gida, daidai inda tabarmar tsohon take fuskanta. Bayan la'asar ya zauna da carbi, ya ɗaga kai. Carbin ya tsaya.

Ga gawon gonarsa. Ɗigon shuɗin da ya ɗauka fenti ne ya zube, ashe mace ce da ƙwarya a ka, tana kawo fura kamar yadda marigayiya uwar Haske take yi.

"Haske," ya ce, "kira min yaron ga."

Aka ɗaura aure kafin tafiya, tsohon ya sa musu albarka har da hawaye. Ranar biki baƙi suka yi cincirindo gaban zanen suna leƙe, sai ga Malam Magagi da sanda.

"Kai, ku ja da baya! Ba ku san aikin surukina ba?"