Abin da Ke Ƙarƙashin Koren Ƙyalle

Hannun Ɗorau ya sauko a hankali, ya tsaya daidai gwiwar hannun yarinyar, ya fara huda ƙashi da 'yar ƙara irin ta keken ɗinki. Ɗorau na'urar ɗorin karaya ce, kuma yau aka fara barin ta ta yi aiki ita kaɗai a asibitin Sabuwar Gaya, hawa na arba'in.

Dakta Kubura na tsaye bayan gilashi tana kallo. Ai ita ta koya wa na'urar. Shekara tara kyamarori na kallon hannunta, suna haddace yadda take daidaita ƙashin yaro ta kafe shi da siraran ƙusoshi. Yawanci biyu ake sawa ta gefen waje. Amma karayar Uwani, 'yar shekara shida da ta faɗo daga matakala mai tafiya da kanta, ta yi muni, sai an ƙara ta uku ta gefen ciki.

Nan fa ake taka-tsantsan. A wani ɗan lungu na ƙashin akwai jijiyar da ke kai ji da motsi ga ƙaramin yatsa da na kusa da shi. Kubura ta duba hannunta, sai ta ga babban yatsanta yana danna iska shi kaɗai. Innalillahi! Kullum kafin ƙusa ta uku takan zura yatsan nan ƙarƙashin koren ƙyallen da ake lulluɓe hannu da shi, ta laluba jijiyar, ta ture ta gefe. Malaminta ne ya kama yatsan ya nuna mata, ita kuwa ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, don ta manta ma tana yi. To, wace kyamara ce ke ganin ƙarƙashin ƙyalle?

“Ku tsayar da ita!” ta ƙwalla wa injiniyan da ke kula da na'urar.

Kafin ya miƙa hannu, ƙusa ta shige. Allo ya kawo koren haske, hoton ƙashi ya fito sambal. Har tafi aka yi a ɗakin.

Da la'asar Uwani ta farka. Mahaifinta, Malam Tanimu, sai washe baki yake yi.

“Likita, an nuna mini hoton. Wallahi kamar ba ta taɓa karyewa ba. Allah Ya saka da alheri.”

Kunya da tsoro suka rufe Kubura. Ta durƙusa bakin gado.

“Uwani, 'yata, motsa mini yatsunki in gani.”

Uku suka motsa. Kubura ta ce mata ta dubi fuskarta, in ta ji an taɓa ta faɗa, sannan ta kama ƙaramin, ta matse shi da ƙarfi har farcenta ya yi shaida a fata.

Yarinyar ta dube ta tana murmushi, tana jira.

“To Anti, ki taɓa mana.”