Kunnen Dama

Sau uku 'Yar Tela ta yi sallama a maƙera, saurayin da ke ƙira bai waigo ba. Har ta juya da ƙarfen keken ɗinkin Babanta da ta kawo gyara, sai ya ɗago. Idanunsu suka haɗu, gudumarsa ta tsaya a sama.

"Haka kuke yi wa mutane, Malam?"

"Yi haƙuri, zagayo ta dama. Tun ina shekara tara nake dukan ƙarfe, ƙarar ta cinye mini kunnen hagu."

Ta zagayo. Tun daga ranar zuciyarta ba ta ƙara zama wuri ɗaya ba.

Wata biyar suna soyayya, sannan Baba ya ce a turo shi. Aka yi rashin sa'a, Baba ya zauna ta hagunsa. Maƙeri kuwa ya sunkuyar da kai don ladabi, ko motsin bakin tsohon bai gani ba.

"Da gaske kake son 'yata?"

Shiru.

"Na ce da gaske kake sonta?"

"Aiki da godiya, Baba."

Baba ya kakkaɓe rigarsa ya tashi. "Wannan yaron ya raina ni," ya ce wa Mama. "Mai shagon waya da ya nemi aurenta na jiran amsa, jibi zan ba shi ita."

'Yar Tela ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta tura wa Maƙeri saƙo:

"Maƙerina, don me ba ka faɗa masa ba?"

"Tsoro na ji, Sanyin Idona. Wa zai ba rabin kurma 'yarsa?"

Ta share hawaye ta nufi shagon Baba. Ta same shi a kan keke, kafaɗarsa ta dama a karkace kamar kullum.

"Baba, da wannan kafaɗar aka haife ka?"

"Ina fa. Shekara arba'in a kan keke ce."

"To shi ma ƙarfe ne ya ci kunnensa na hagu. Bai ji tambayarka ba."

Ƙafar Baba ta daina taka keken.

Washegari sai ga shi a maƙera, tef ɗin awo rataye a wuya. Ya zagaya ta dama ya ɗaga murya.

"Kana sonta?"

"Fiye da raina, Baba."

"Miƙo hannu."

Ya auna damtsen dama, ya auna na hagu, ya girgiza kai. "Inci biyu tsakaninsu. Wani telan ɓata maka rigar ango zai yi. Ni zan ɗinka."

Ranar aure rigar ta zauna cif. Baba ya jawo angon, ya kai baki daidai kunnen dama.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Ka ji ko in maimaita?"

"Na ji, Baba."

Amarya kuwa ta zaɓi hagunsa ta tsaya, ta raɗa masa wata magana.

"Me kika ce, Sanyin Idona?"

"Sai mun je gida," ta ce tana murmushi. "Zan zagayo."