Siririyar Wayar da Auta ta Ɓoye

Akwai wata yarinya da ake kira Auta a gidansu. Tana aji huɗu. Babanta yana da wata tsohuwar farar mota, wadda ta girme ta nesa ba kusa ba. Shi yake gyara abarsa da hannunsa.

Kakar Auta tana zaune tare da su. Yanar ido ta rufe mata idanu, ba ta gani sai dishi-dishi. Likitan da ke aikin ido sau ɗaya yake zuwa a wata uku. An ba Kaka ranar Talata, aka ce ta iso asibiti kafin ƙarfe takwas. Wanda ya makara sai wani zuwan.

"Takwara," in ji Kaka, "idan aka buɗe mini ido, ke zan fara kallo. In ga ko da gaske kin fi ni kyau."

"Na fi ki mana, Kaka. Ni ina da haƙora."

"Ja'ira!"

Ranar Litinin da yamma Baba ya buɗe bonet ɗin motar. Ya duba baƙin mai, ya ƙara ruwa. Aka kira salla, ya tafi ya bar shi a buɗe.

"Kada kowa ya taɓa mini mota," ya ce.

To, Auta tana da 'yar kyanwa da ta tsinta a hanyar makaranta. Mama ta hana ta ajiye ta, don kada Kaka ta yi tuntuɓe da ita. Sai Auta ta ɓoye ta cikin kwali a bayan ɗakin girki.

A wannan yammar kyanwar ta fito. Ta haye mota, ta shige can ƙasan inji inda yake da ɗumi. Auta ta taka bokiti, ta zura hannu har kafaɗa, ta jawo ta da ƙarfi. Sai ta ji wani abu ya fizge.

Wata siririyar waya ce, mai ɗan ƙarfe a baki, tana reto. Auta ta waiga, ba kowa. Ta cusa wayar a bayan wani baƙin tiyo, inda ba mai gani. Ta ce a ranta, ai wayoyin suna da yawa, ɗaya ba za ta hana komai ba.

Washegari bayan sallar asuba kowa ya shirya. Kaka ta zauna a kan benci, jakarta a cinya. Ko ruwa ba ta sha ba, don haka likita ya ce.

Baba ya yi bisimilla, ya murɗa makulli. Shiru. Ya sake murɗawa. Shiru.

"Ko batir ne, Baban Auta?" Mama ta tambaya.

Baba ya kunna fitilu, suka haska bango tar. Ya danna hon, ya yi ƙara.

"Da batir ne, da fitilun sun yi rauni," ya ce.

"To a tura ta mana."

"Wannan ba ta tashi da turi. Otomatik ce."

Mama ta leƙa gidan maƙwabci mai mota, ta tarar ya fita tun da duhu. Titi kuma da nisa, Kaka ba za ta iya takawa ba.

Baba ya goge kawunan batir, ya ɗaure su tamau. Ya duba fiyus ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauki doguwar sifana ya ɗan bubbuga sitata, wato injin da ke juya babban inji ya tashi. Wani lokaci takan maƙale, bugu kaɗan ya sake ta. Yau kam ko motsi.

"Uwata, zo," ya ce wa Auta. "Kunnenki ya fi nawa. A bayan sitata akwai wani abu kamar ƙaramin gwangwani, sunansa solinoid. Idan na murɗa makulli, shi yake fara cewa ƙas, sannan ya ba sitata wuta. Saurara mini."

Auta ta matso. Ga baƙin tiyon nan a gabanta. Baba ya murɗa.

"Kin ji?"

"Ban ji ba, Baba."

Baba ya share gumi. "To solinoid ya mutu ke nan. Sai na kwance sitata gaba ɗaya. Aikin awa biyu ne." Ya dubi agogo. Bakwai da kwata.

Ya je ya durƙusa a gaban Kaka. "Inna, ki yi haƙuri. Jiya lafiya ƙalau na bar ta."

"Ba komai, ɗana," in ji Kaka a hankali. "Haka Allah ya so. Wata uku ba nisa. Na riga na saba da duhun."

Ta fara lalube tana neman sandarta don ta koma ɗaki.

Auta ta kasa daurewa. Kuka ya ƙwace mata.

"Baba, ni ce! Na fizge wata waya jiya. Na ɓoye ta."

Ta faɗi komai, har da kyanwar. Baba bai ɗaga murya ba. Ya zare makulli, ya cire kan batir, ya ce, "Nuna mini."

Auta ta zura hannu ta fito da wayar. Baba ya dube ta. "Ita ce mai kai wa solinoid saƙon makulli." Ya kwanta a ƙarƙashin mota, ya matse bakin wayar da filaya, ya mayar da ita wurinta. Ya mayar da kan batir, ya sake bisimilla.

Ƙas! Inji ya tashi.

"Alhamdu lillahi," in ji Mama. "Ku yi maza!"

Auta ta tafi makaranta, amma ba ta fahimci komai a aji ba. Addu'a kawai take yi a zuciyarta.

Sai da yamma suka dawo, idon Kaka a rufe da auduga. Sun isa ana shirin rufe layi, suka sami kati na ƙarshe. Kaka ta wuni da yunwa da ƙishi har la'asar kafin a zo kanta.

Auta ta durƙusa. "Kaka, ki yafe mini. Baba, Mama, ku yafe mini."

"Mun yafe, Allah ya yafe mana duka," in ji Baba. "Amma saurara, Uwata. Fizge wayar kuskure ne, kowa yana kuskure. Da kin gaya mini jiya, gyaran minti biyu ne. Ɓoyewar ce ta kusa jawo wa Inna wata uku cikin duhu."

Washegari aka cire audugar. Da Kaka ta dawo gida, ta riƙe fuskar Auta da hannu biyu, ta daɗe tana kallo.

"Kin fi ni haƙora," ta ce, "amma kyau kam da saura. Ina kyanwar? Ku kawo ta. Yanzu ina gani, ba zan taka ta ba."

Mama ta yi murmushi, ta gyaɗa kai.

Tun daga ranar, idan Auta ta yi ɓarna, ita take fara zuwa ta faɗa. Ta gane cewa kuskuren da aka faɗa da wuri yana da sauƙin gyara, wanda aka ɓoye kuwa yakan cutar da wanda bai ji ba bai gani ba.