Ba Zan Bar Adam a Gwange Ba

"To ni kuma fa, Hussainatu? Ni ba abin tausayi ba ne?"

Abdulnasir ne ya faɗi haka, yana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta a unguwar Jiddari Polo. Kasuwar shanun da yake sana'a a ciki ta mutu saboda tashin hankali, gidansu kaf za su koma Kano gobe da safe. So yake a ɗaura musu aure ta biyo shi.

Ta dubi ɗanta Adam, yana gefe yana jera murafun kwalba. Shekararsa takwas, da lalurar galahanga aka haife shi, ga kuma i'ina. Idan kalma ta maƙale masa, sai ya runtse ido yana buga cinya har ta fito. A makaranta malamai sun daina tambayarsa, wai yana cinye musu lokaci.

"Ka ji abin da Ya Ajimi ya ce," ta amsa a hankali. "Ɗa na gidan uba ne. Ranar da na yi aure, ranar zai mayar da shi gidansu na Gwange."

Ajimi yayan marigayi mijinta ne, wanda tashin bam a kasuwa ya yi ajalinsa. Ba mugu ba ne, sai dai mutum ne mai gaggawa, ko addu'ar cin abinci a guje yake yinta.

"Ai baffansa ne, masoyiyata... ba zai cutar da shi ba."

"Zai aike shi kasuwa kamar sauran yara. Shingen sojoji nawa ne a hanya? A tsare shi a ce, kai yaro, ina za ka? Ya tsaya yana rufe ido yana buga cinya, bai amsa ba... A garin nan, a wannan lokaci, ka san abin da za su ɗauke shi."

Abdulnasir ya gyaɗa kai. Ya sani sarai. Yanzu ko yaro aka gani ya yi wani iri, mutane darewa suke yi, don tsoron ko bam aka ɗaura masa.

"Na je na roƙi Ya Ajimi, wallahi har durƙusawa na yi," in ji shi.

"Na sani."

"To in zauna?"

"Ka bar tsohuwarka ta tafi ba tare da kai ba, ga ciwon ƙafa? Ba za ka iya ba, ni ma ba zan yarda ba."

Nan zuciyarta ta karye. Tana son mutumin nan so na gaske, kuma a duk mazan da ta sani shi kaɗai ne ba ya ƙarasa wa Adam magana. Sai ya naɗe hannu ya jira, ko da shayinsa zai huce.

"Ka yafe mini, Nasir."

"Me kika yi mini da zan yafe?" in ji shi. "Allah ya raya shi."

Lokacin dokar hana fita ya matso, mai Keke Napep ɗin da ya kawo shi yana ta danna hon a waje. Ya tashi ya shafa iska kusa da kan yaron, don ya san ba ya son a taɓa shi, sannan ya fita da sauri yana ɓoye fuska.

Adam ya miƙe ya bi shi har bakin ƙofa.

"Ka... Ka... Kawu..."

Ƙarar inji ta danne muryar. Yaron ya runtse ido, yana buga cinya, jijiyar wuyansa ta tashi.

"S... s... s..."

Hussainatu ta tsaya a bayansa, hawaye na zuba, ba ta ƙarasa masa ba. Keken ya kai ƙarshen layi, ya sha kwana.

"Sai gobe," in ji Adam.

Ya juyo yana murmushi don ta fito masa daidai, ya kama gefen mayafinta.

"Ya... ya ji, Mama?"

Ta durƙusa a gabansa tana goge ido.

"Ni na ji, Adam. Mu shiga ciki."