Zazzaɓin da Mastura Ta Ɓoye

Mastura tana tankaɗe gari a tsakar gidansu na Hindawiyya, jikinta na rawar ɗari, alhali ranar Jidda ta take tsaka. Surukarta, Hajiya Bashira, ta tambaye ta ko lafiya, ta ce mura ce.

Ba mura ba ce. Haihuwarta biyu, kowane jariri ya zo da shawara, ya koma kafin suna. Da wannan cikin ya tsufa, likita ya ce jininta da na mijinta Na'ibi ne ba sa jituwa, sai an zuƙi ruwan mahaifa da allura a ga halin da ɗan yake ciki. Hajiya ta rantse ba mai soka wa jikanta ƙarfe. Na'ibi ya kai matarsa a ɓoye, yana tsaye a bakin ƙofa har aka gama. Likitan ya gargaɗe su cewa ƙwayar cuta takan bi sawun allurar, in ta ji zazzaɓi ko zubar ruwa su dawo nan take.

To, ga zazzaɓi, ga ruwa. Na'ibi kuwa yana wurin aikinsa a tashar jiragen ruwa, lokacin saukar alhazai ne, ko gida ba ya kwana. In ta yi magana ta tona masa asiri a gaban uwarsa. Kuma da wane baki za ta ambata wa suruka abin da zane ya rufe?

Da Mastura ta miƙe, Hajiya ta ga tabarma a jiƙe.

"Ke 'yar nan, me aka yi miki?"

Mastura ta durƙusa tana kuka, ta faɗi komai, ta ƙara da cewa ita ta matsa masa.

"Kina kare shi, jikana yana dahuwa a cikinki? Yalla, maza ɗauko abayarki!"

A asibiti aka yi mata aiki, aka ciro 'yar mitsitsiyar yarinya, aka sauya mata jini. Uwar kuwa ta daɗe zazzaɓi bai sake ta ba.

Na'ibi ya iso sanye da kayan aikinsa, ya zube gaban mahaifiyarsa yana jiran hukunci.

"Faɗanmu yana nan sai ta warke," in ji Hajiya. "Shiga, tun a mota sunanka take kira."

Mastura ta tashi, yarinya ta rayu, aka sa mata Zakiya. Hajiya ba ta yi faɗan ba har yau. Ita ce ma take gaya wa amaren unguwa cewa ɓoye ciwo ba ladabi ba ne, kuma babban da ake tsoron gaya wa gaskiya, shi ma yana da laifi.