Itatuwan da Nomau Ya Tuɓe

Gwaggo Sabuwa ta Ƙofar 'Yandaka ce ta fara ba ni wannan labari, ita ma daga kakarta ta ji.

A zamanin wani sarkin Katsina na kafin jihadi, da kaka, bayan an yanke gero, mayaƙan Gobir suka tasam ma birni da kibau masu dafi. Kafin su rufe hanya, Ƙaura shugaban yaƙi ya aika dajin Rugu aka zo da wasu Maguzawa biyu, wa da ƙane, Nomau da Arzika, masu makarin dafi. Sassaƙen wani itace ne. Ƙa'idar gidansu, a sassaƙi gabas kaɗan, yamma kaɗan, a shafe wurin da laka, a bar itacen ya rayu.

Dukansu sun yi aiki, amma Arzika ne ya dace da warkar da ɗan Galadima. Sarki ya ba shi doki da alkyabba, ya naɗa shi Sarkin Magani. Nomau, wanda ya koya wa ƙanen riƙon gatari, aka ba shi riga. An ce ko sa ta bai yi ba.

Da Gobirawa suka janye, Nomau ya bi itatuwan nan ɗaya bayan ɗaya, ya tuɓe musu ɓawo kewaye, ya ɓoye a rumbu, don gaba a zo gabansa a durƙusa. Ya san za su mutu, ya sani sarai.

Da shekara ta zagayo aka ji Gobir na tafe, Arzika ya shiga Rugu ya tarar da busassun itatuwa. Nomau ya kawo tarinsa fada yana taƙama. Da aka gwabza yaƙi aka jiƙa, aka ba masu rauni, bai yi komai ba. Ashe ƙarfin a ɗanyen yake. Gidansu ba su taɓa ajiye shi ba balle su sani. Cikin mamatan har da Mati, ɗan Nomau na fari.

Sarki ya ce a kashe Nomau. Arzika ya faɗi ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar mini shi. Wana ne, kuma ga yaro ba a binne ba."

Aka bar shi. Birni ya tsira da ƙyar, makarin kuwa ya tafi ke nan. Ni dai nawa gani, sarki ya yi kyauta bai duba wa ke tsaye a gefe ba, wasu suka biya da rai.

Jiya na ji jikana Aliyu ya daina shiga shagon maganin gargajiya na ƙanensa Jamilu, wai don Jamilun masu neman magani suka fi nema. Yau da safe na zaunar da su tabarma ɗaya, na nuna musu haɗin maganin ciwon shawara da nake riƙe da sirrinsa, na ce wanda ya fara tashi ba zai ji ƙarshen haɗin ba.