Wadda Take Rage Mini Sauti

Da yamma lis na koma ofis, jakar kwamfuta a kafaɗa, raina a ɓace. Aikina a ofishin lauya shi ne a ɗauki muryar mutum a rikoda, a ba ni, in saurara, in buga ta kalma bayan kalma. Shekara tara da kunnena nake ci. Wannan karon muryar wani dattijo ce, shaida a shari'ar fili, an ɗauke shi yana kwance a gadon asibiti, yana magana kamar mai rowar numfashi. Da rana ba a jinsa sam, saboda ƙarar injin kwafi da wayoyi da surutun masu shigowa. Gida kuma ba a fita da muryar shaida. Sai kowa ya tashi nake samun zama a kai.

Barista ya ce gobe ƙarfe takwas yake son takardar a teburinsa. "Idan ba za ki iya ba ki faɗa," in ji shi, bai ko ɗago kai ba. "Akwai masu jiran kujerar nan."

Ni dai a lokacin laifin duka a kan Yayana na ɗora shi. Yaya gyaran kwamfuta yake yi, kuma tun da ya gano tsarin sarrafa kwamfutar nan na kyauta, wanda kowa ke iya buɗe cikinsa ya gyara, ba mu sake hutawa a gida ba. Wa'azinsa yake yi har a kan abinci. Na kai masa laftof ɗina don tana nauyi, ya goge komai ya sa mini nasa. Sauri kam ta yi sauri. Amma ramin iyafis, abin sauraron da nake sawa a kunne, ya mutu, ko na sa ba ta san na sa ba, dole sai lasifika. Sannan ga babbar masifar: da magariba ta kawo kai, sai sauti ya riƙa sauka da kansa. In kai shi ɗari, in juya in ɗauki biro, in tarar ya koma ashirin. Kwana uku muna wannan kokawa.

A shagonsa kuwa lafiya lau take, har da waƙa ya kunna mini don ya ƙure ni.

"Ƙanwata, ki dai duba hannunki," ya ce. "Injin nan ba ya ƙarya."

"Yaya, hannuna ne zai rage sauti ina tsaye a bakin taga?"

Ya yi dariya, ya buɗe baƙin allon nan nasu da ake rubuta umarni, ya yi ta ƙwanƙwasa. Ya ce ya buɗe mini hanyar wuce ɗari, har ɗari da hamsin. Ya kuma rubuta wani ɗan umarni da zai riƙa mayar da sautin sama duk bayan daƙiƙa guda, ko wa ya sauke shi. "Yau ko aljani ne sai ya gaji," ya ce. Na ce Allah ya sa, na ɗauki kayata.

Baba maigadi ya buɗe mini ƙofa yana ɗaura agogonsa. "'Yata, yau ma?"

"Yau ma, Baba. Awa biyu dai."

Ɗakin da nake zama a makon nan ba nawa ba ne. Rufin namu ya yi yoyo, aka mayar da ni ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli, can ƙarshen baranda. Kantoci ne na ƙarfe har rufi, cike da takardun shari'o'in da masu su ma wasu sun mutu. A kusurwa akwai wani tsohon kabad mai durowa huɗu, makullinsa ya ɓata tun kafin a ɗauke ni aiki. Ɗakin warin tsohuwar takarda yake da ɗan danshi. Na kunna fitila da fanka, na ciro filashin da muryar dattijon ke ciki daga aljihun tebur, na zauna.

Na rubuta umarnin Yaya kamar yadda ya nuna mini. Sauti ya tsaya a ɗari. Muryar dattijon ta fito sarai, har ina jin motsin zanen gadonsa. Na ce yawwa, na hau bugu. Shafi biyu na yi ba tare da na tsaya ba.

Hasken taga ya fara ja. Sai layin sautin ya bayyana a allo. Casa'in da biyar. Casa'in. Umarnin Yaya ya fizgo shi ya mayar ɗari. Ya sake sauka. Ya sake hawa. Muryar dattijon ta koma kamar ana toshe masa baki ana saki, rabin kalma in ji, rabi ya ɓace. Na mayar da jimla guda baya sau bakwai ban kama ta ba. Takaici ya cika ni har idona ya kawo ruwa. Na kira Yaya.

"Ga abinka nan yana rawa," na ce. "Sama, ƙasa, sama, ƙasa. Wallahi Yaya ka cuce ni."

"Ba zai yiwu ba. Buɗe wurin saitin sauti ki gaya mini wace manhaja ke taɓa shi."

"Babu ko ɗaya."

"To maɓallin ne ya maƙale. Ƙila wani abu ya zuba a kai. Duba shi."

Na kashe wayar don kada in faɗa masa maganar da zan yi nadama. Na sunkuya na duba maɓallin rage sauti. Tsaf yake, ko ƙura babu.

Ina kallonsa ya nutse.

Ya taso. Ya sake nutsewa, a hankali, yadda mutum ke dannawa idan ba ya son a ji. Hannayena biyu suna kan cinyata.

Ya kamata in tashi a lokacin. Na sani. Amma wanda bai taɓa kwana uku yana faɗa da inji ba, ba zai gane ba. Tsoro ya zo, haushi ya ture shi. Shafi goma sha ɗaya suka rage mini, da fuskar Barista, da kujerata. Na ce wa kaina sifirin da ke ɗago maɓallin ne ya lalace.

Sai wari ya canja. Warin takarda ya ja baya, wani ƙamshi ya taso, na hodar jarirai da nono mai ɗumi. Daga wajen kabad nake jinsa.

Na kashe fanka don in saurara.

Bubbugawa ce, a hankali. Taf. Taf. Taf. Irin ta tafin hannu a bayan yaro.

A allon, wurin saitin yana nan a buɗe. Akwai ɗan layin da ke nuna abin da makirfo ke ɗauka. Yana cika, yana raguwa. Yana cika, yana raguwa. Na riƙe numfashina. Bai tsaya ba.

"Shhh," aka ce.

Ba daga lasifika ba. Daga bayan kafaɗata ta hagu.

Har yau ban san abin da ya hau kaina ba. Na buga tebur. "Aiki nake yi!" na ce da ƙarfi. "A bar ni in yi aikina!" Na kama layin sautin na ja shi har ƙarshe, ɗari da hamsin.

Daidai nan dattijon ya yi tari a cikin rikodin. Tarin ya fashe a ɗakin, lasifika ta yi ƙara kamar za ta yage, kantocin ƙarfe suka amsa.

Shiru.

Sai kuka ya tashi daga durowar ƙasa ta kabad.

Kukan jariri ne, siriri, mai kaifi. Durowar da makullinta ya ɓata ta turo kanta waje da faɗin yatsu huɗu. Ciki baƙi ƙirin.

Fitila ta rage haske. Na ƙura wa durowar ido.

"Kwana uku nake rage miki," muryar mace ta raɗa. Ba faɗa a cikinta. Gajiya ce zalla. "Ban taɓa ki ba. Ban kashe miki ba. Ragewa kawai nake yi."

"Ki yi haƙuri," na ce. Leɓena kawai ya motsa.

"Da kyar ya yi barci."

Yatsa ya sauka a bayan kunnena na dama. Sanyi ƙalau, dogo.

Ya danna.

Ƙarar motocin titi ta ɗauke.

Ya danna.

Muryar dattijon ta yi nisa.

Ya danna. Ya danna. Bugun zuciyata ma ya koma can ƙasa. Kunnen dama ya mutu murus.

Yatsan ya zagayo ta ƙeyata, ya nemo na hagu.

"Tunda ke kika tashe shi," ta ce, "ke za ki lallashe shi."

Ya danna sau ɗaya. Sau biyu.

"A'uzu billahi!" Ban ji fitarta ba, amma ƙirjina ya ji. Na wuntsila daga kujera, gwiwata ta bugi tebur, na rarrafa na kama ƙofa. Baranda ta yi mini tsawo. Ina gudu, takalmina na dukan siminti, ba na jin komai sai kukan nan, yana bina daf da kunnena.

A bakin ƙofar waje na yi karo da Baba maigadi. Ya riƙe kafaɗuna. Bakinsa yana motsi, idanunsa sun firfito. Na yi ta kallon bakin. Can ƙasa ƙasa, kamar daga cikin rijiya, na tsinci "'yata".

Washegari Yaya ya je ya ɗauko laftof ɗin. Ya same ta a kunne, sauti a ɗari da hamsin, ba abin da ya taɓa shi. Kabad a rufe gam, sai da aka kira mai walda ya fasa durowar. Takardu ne a ciki, an danne tsakiyarsu ya yi kwari, kuma da ɗumi.

Likitoci uku suka duba ni. Kowanne ya leƙa, ya gwada, ya rubuta cewa kunnena lafiyarsa ƙalau. Na dama dai bai dawo ba. Na hagu yana kama kaɗan, idan an matso an ɗaga murya. Barista ya yi mini kirki daidai gwargwado: ya sa aka ɗaga shari'ar, ya jira ni wata guda, sannan ya aiko da wasiƙar sallama. Wata ce a kujerar yanzu. Na rubuta mata takarda na ce kada ta kunna komai a ɗakin fayiloli bayan la'asar, ban sani ba ko ta ɗauke ni mahaukaciya.

Yaya ya daina wa'azinsa. Yakan zo ya zauna kusa da kunnena na hagu ya yi ta ba ni haƙuri, ni kuma in ce masa ba shi ya ja layin ba. Dukanmu mun san hakan bai sauƙaƙa wa kowa ba.

Abu guda nake ji ras, ba ragi. Kullum da magariba kukan yake tashi, ko ina gida, ko a mota, ko a gidan mutane. Ba ya tsayawa sai na samu wuri na zauna, na riƙa bubbuga gwiwata a hankali ina ɗan gunguni. Wani lokaci minti goma, wani lokaci awa biyu. Ni da ban taɓa haihuwa ba, raino ya cinye mini yammacina duka, kuma wallahi har yanzu haushi yana cina.

Shekara biyu ke nan, muryarsa ba ta canja ba ko kaɗan. Na je wurin wani malami da aka ce ya san sha'anin aljanu, na tambaye shi shekara nawa jaririnsu ke yi kafin ya daina kukan magariba. Ya ɗauki biro ya rubuta mini amsa a takarda. Ya dube ta, ya dube ni. Sai ya soke abin da ya rubuta, ya rubuta a ƙasa cewa in ci gaba da haƙuri.